Facin Mai Faci

Shekara ashirin da uku ina facin taya
a bakin hanyar Biu, kafin a kai Liji.
In tsoma tif cikin rabin duro,
in zuba ido inda kumfa zai ɓullo.
Huji bai taɓa ɓace mini ba,
sai wanda ke ƙarƙashin rigata,
mai fito da asuba kamar bawul ya kwance.

Diddi ce ta gano shi. Shekararta bakwai.
Ta ɗora kunne a ƙirjina, ta ce,
"Baba, iskarka na zuba."
Na yi dariya, dariya ta zama tari,
tari ya kai ni bakin kwata.

Sai na sa rana.
Ba ta aure ba, ta saki.
Litinin, in Allah ya kai mu, wato gobe.

Sista Rifkatu a kemis ɗin Bolari
ta ɓare kwali, ta nuna mini filasta:
"Nikotin ne a ciki, ba hayaƙi,
yana tsattsafo wa jiki kaɗan-kaɗan.
Wanke damtse, bari ya bushe,
manna, danne da tafi.
Kashegari ka sauya wuri."
Na ce, Sista, ni za a koya wa faci?
Ta miƙo cingam: "Wannan kuma,
ban da taunar akuya ta sami ɓawon rogo.
In ya yi yaji, ajiye shi a kumatu kamar goro."
Kuɗin ya kai na taya goma sha biyu.
Na ƙirga, na ciji leɓe, na biya.

Ran Laraba bayan la'asar
muna haɗuwa gindin maina, bayan tasha.
Ba shugaba, ba wa'azi, benci biyu ne.
Babayo direban tifa, watansa tara.
Yila mai walda ya koma sau biyu,
bai ɓoye ba, ba a kuma kore shi ba.
Tukur Kumo kullum kuɗin tabarsa
sai cikin gwangwanin madara,
har ya sayi ɗan bunsuru, ya raɗa masa Kwali.

Suka ce, faɗi sa'o'in da take kiranka.
Na ce bayan shayin safe.
Bayan tuwo.
Da in mai mota ya ce "zan dawo" ya ba ni ƙura.
Babayo ya ce, "Kwaɗayin nan tirela ce.
Ba a tare ta. Koma gefe,
dafe hularka, za ta wuce."
Yila bai ce komai ba,
ya karɓi wayata ya sa lambarsa:
"Ko biyun dare ne, filashin kawai."

Yau na biya mai tebur bashinsa,
na ce daga gobe ko na yi kuka kar ka ba ni.
Ashana ta koma madafa.
An wanke rigar aiki har ruwa uku.
Aljihun da kwali ya huda
na cika shi da aya da guntun asuwaki.
Yaran shago na ce su yi haƙuri,
satin nan bakina ba nawa ba ne.

Tsoro kam ina ji.
Ta raka ni jana'izar mahaifina,
ta zauna da ni daren da Diddi ta ƙi fitowa.
Abokiyar da ke cin ka, ai abokiya ce dai,
rabuwa sai an ji.

Kara uku suka rage. Ga su bisa taga.
Ban san abin da zan yi da su ba tukuna.

Amma gobe, an idar da asuba,
zan naɗe hannun riga,
in manna, in danne, in jira,
don faci ba ya son gaggawa.
In an kwana biyu, sai in tsoma kaina
a kunnen Diddi,
ta faɗa mini ko kumfa na tashi.