Ƙwaya a Tsakanin Haƙora

Kakana Orest bai yarda da takardar gwaji ba.
Sai ya tsaya a bakin gona, can kudancin Saskatchewan,
ya murza zangarniya a tafin hannu,
ya hure ƙaiƙayi,
ya ɗora ƙwaya ɗaya a kan turmin haƙori.
Ƙas!
In ta fashe kamar kwalba, cikinta zuma daskararriya,
sai ya gyaɗa kai.
In kuwa cikin ya yi fari kamar alli,
to wannan farin ciki ba na murna ba ne.

A watan Mayu muka shuka ta,
ƙanƙara ba ta gama sallama ba,
ƙasa da sanyi kamar hancin kare.
Kwana ɗari take nema, ba ta roƙon ƙari.
Gajera ce, ba ta rusuna wa iska.
Karanta a cushe yake,
tsutsa ta zo huda, ta koma da yunwarta.
Gemunta dogo, baƙi in ta nuna,
irin na Kaka kafin furfura.

Ba alkamar burodi ba ce, taurin kai gare ta.
Injin niƙa ya yi ya yi, ta ƙi laushi,
sai tsaki rawaya mai ƙyallin yashin rafi.
Taurin nan shi ne kuɗinta:
taliyarta kan shiga tafasasshen ruwa
ta fito da mutuncinta, ba ta caɓe ba.

Abu ɗaya take tsoro, ruwan ƙarshen Agusta.
Bara ya sauka ana gobe girbi,
kwana uku bai ɗauke ba.
Launi ya koɗe.
Delbert mai awo ya juya ta a faranti,
ya rage mata mataki biyu
ko ido bai ɗago ba.
Kaka bai ce uffan ba har muka iso gida.

Bana haƙoransa saura uku.
Ya miƙo mini ƙwayar.
Na ciza, sai da kunnena ya amsa.
Ya ce, yaya?
Na ce, kwalba.

Jirgin ƙasa zai kwashe ta zuwa teku.
Wata mata, a garin da ban san sunansa ba,
za ta tsamo sili ɗaya daga tukunya,
ta hura, ta gwada da haƙorin gaba,
ita ma ta gyaɗa kai.