Jan Kawu Tunau

Kuran ya dawo Tawa da la'asar sakaliya,
na buɗe ordinater a rumfar kawu Tunau.
Yana soka basilla a bakin alabe,
warin jima bai gama barin fatar ba.

Ya ce, "Tallar nan da kike mini,
sa mata jan nan.
Ba jan barkono ba, ba na goro ba,
na karan dafi da ya kwana uku a tukunya."

Na ɗauki hoto, na tambayi na'ura.
Ta ce ja ɗari biyu,
kore saba'in da biyar, shuɗi talatin.
Ashe jan kawu ba shi kaɗai yake tafe ba,
da ƴan rakiya a bayansa.

To, shafin ba ya son ƙirgen yatsu goma,
sha shida yake so.
In tara ta ƙare sai a ari baƙaƙe:
goma ta zama A, a bi su har F.

Na jawo bik da bayan kaye.
Ɗari biyu, kashi sha shida-sha shida:
sha biyu, saura takwas. C8.
Saba'in da biyar: huɗu, saura sha ɗaya. 4B.
Talatin ta ba da ɗaya tak,
sha huɗu na rataye a gefe. 1E.
Na kafa ɗan shinge a gabansu,
#C84B1E.

Kawu ya leƙo ta saman tabarau.
"Wane irin lissafi ne da haruffa a ciki, Sahiya?"
Na ce, kai fa?
Bature ya rubuta ɗari a jikin kuɗi,
ka ce dala ashirin,
kuma ba a taɓa cutarka a kasuwa ba.
Ya yi dariya har zare ya suɓuce masa.

Na danna. Allon ya yi ja.
Ya ɗauko alaben ya kara a gefe,
ya dubi wannan, ya dubi wancan,
ya daɗe bai ce komai ba.

"Ya kusa," in ji shi.
"Sai dai naki haka zai tsaya har abada.
Nawa zai sha gumin hannu,
ya sha rana a hanyar Abalak,
baɗi war haka ba za ki gane shi ba.
Wannan wace lamba za ki ba shi?"

Ban amsa ba.
Na bar bik a kan kaye,
na riƙe masa bakin fatar ya ƙarasa ɗinki.