Abin da Za Mu Ja

A gwangwanin madara suka tara kuɗin,
'yan kabu-kabu ashirin da uku, da masu albasa,
suka ce, Arzika, kai ka san ƙarfe,
shiga Sakkwato ka zaɓo mana abin jan hanya.

Hanyar tamu ba ta cikin takardar kowa.
Daga bayan rijiyar Gado take gangarawa fadama,
rairayi har idon sawu, sai laka, sai rairayi kuma.
Damina ta tafi ta bar ta
kamar haƙarƙarin saniyar da ta sha rani.
Ran Laraba babur ɗin Jelani ya kife a kwanar tsamiya,
albasa ta watse tana gudu kamar an zo karɓar haraji.
Shi yana gida yanzu,
mai ɗori ya jera masa kara a ƙauri.

Rumfar Kakale mai walda,
abu uku na tarar a jingine.

Na farko ƙashin bayan tirela ne,
nauyinsa nauyin bashin suruki.
Na taɓa shi, zuciyata ta ce wannan.
Kakale bai ɗaga kai daga tartsatsinsa ba.
Ya ce, "Mi ka jan shi?"
Na ce shanun Nomau, bijimai biyu,
ɗaya ma yana ɗingishi in an yi sanyi.
Ya ce, "To kabari za ka gina ma hanya,
ka haɗa da na bijiman."

Na biyu tayoyi ne guda uku, an sarƙe su da sarƙa.
Ga araha, ga sauƙi, yaro ma ya ja.
Amma taya lallashi ta iya,
tana shafa kan tudu ta ce masa sannu,
ta wuce ta bar rami da bakinsa a buɗe.

Na uku ba shi da kyan gani.
Tsohon gadon ƙarfe ne, na asibiti ina ji,
an dasa masa haƙora shida a gaba,
wuƙa a karkace a tsakiya,
a baya faranti mai faɗi yana bi.
Haƙori ya fasa, wuƙa ta tura ƙasa cikin rami,
faranti ya danne, ya rufe maganar.
In laka ta yi tauri a aza masa dutse,
in rairayi ne a sauke.

"Hwaɗin hanyar taku nawa?"
Na yi shiru.
Shekara talatin ina bin ta,
na san inda take cin taya, na san inda maciji ke tsallaka ta,
ban taɓa tambayar ta faɗinta ba.

Na koma.
Kuɗin mota daga aljihuna, ban taɓa gwangwani ba.
Da igiyar guga na auna,
kamu takwas a sarari,
tsakanin tsamiya da shingen Hantsi kamu biyar da ɗani.
Hantsi ta leƙo ta ce in aka taɓa mata shinge
sai mun haɗu gaban mai gari.
Kakale ya yanke gadon ya dawo biyar.

Da la'asar sakaliya muka ja,
bayan mun yayyafa ruwa a wuraren da suka ƙi.
Nomau a gaba yana yi wa bijimai magana ƙasa-ƙasa,
ni a baya ina kallon ƙasa tana juyawa,
tana kwanciya.
Haƙori ɗaya ya karye a saiwar tsamiya.
Biyar suka ƙarasa.

Na ce kowa ya bar ta ta kwana,
ƙasar da aka tayar sai ta yi barci take riƙe kaya.

Da asuba na riga kowa fita.
An riga ni.
Sawun bushiya, ƙanana, a jere,
tun daga rijiya har kwanar tsamiya,
bai kauce ko sau ɗaya ba.

Can baya na ji Ladan yana tayar da babur,
buhu uku ya ɗaura, na sani,
ko da yake mun ce biyu.