Tikiti Biyu a Kolkata

Ran Talata na koma silimar unguwarmu,
wadda fankokinta suka tsufa tare da ni.
An ce za a haska wani tsohon fim, baƙi da fari,
da na gani sau tara ina saurayi,
na goma kuwa da Shefali a gefena,
tana ɓare gyaɗa cikin duhu tana zuba min a tafi.

Mu bakwai ne a zauren, har da kyanwa.
Majigi ya yi tari, haske ya faɗo kan allo,
sai ga jarumin da na shekara biyu ina kwaikwayon tajin sumarsa.
Ashe haka yake zare ido in zai yi magana,
kamar wanda ƙayar kifi ta tsaya wa a wuya?
Ashe kukan uwar nan har minti goma yake kaiwa?
Yaron gidan kuma, da muke wa dariya har da riƙe ciki,
marinsa ake yi.
Mari kawai. Mu kuwa muna tafi.
Na sunkuyar da kai kamar hannuna ne.

Amma da kwale-kwalen ya shigo,
kamara ta tsaya cak, ba ta saurin zuwa ko'ina,
ruwa na tafiya, sarewa na bin bayansa a hankali,
sai na ji ƙamshin ɓawon gyaɗa.
Na miƙa tafina gefe.
Kujera ce kawai, ita da kuɗin cizonta.

Ran Asabar jikata Rimjhim ta ja ni
hawa na biyar na wani katafaren kanti,
inda matakala ke tafiya, mutum na tsaye.
Kuɗin gugguru kaɗai
ya fi albashina na farko a shagon ɗinki.
Ga sanyi kamar ma'ajiyar kifi.

Fim ya buɗe da fashewar gada.
Kafin in gane wa ya mutu, an kashe wasu shida.
Hoto na tsalle kamar ɗan akuya,
ƙara na dukan ƙirji ba sallama.
Na ce, "Wannan kuma wane ne?"
Ta ce, "Dadu, shi ne dai na ɗazu."
Na haɗa tsakina, na ajiye a bakin harshe,
in mun fita in ba ta labarin zamanin da ake fim.

Can sai aka nuno wata mata a ɗakin girki,
ba kwalli, ba kiɗa, fuska da tabonta,
kwana uku da rasuwar mijinta.
Ta auna shinkafa gwangwani biyu kamar kullum,
ta tsaya,
ta mayar da ɗaya cikin buhu.
Shi ke nan. Ba ta yi kuka ba.
Ni na yi mata.
Shekara huɗu ke nan ina wannan kuskuren awo,
ban taɓa gaya wa kowa ba.
Wane yaro ne ya leƙo tagata ya je ya rubuta?

A motar dawowa, damina na dukan gilashi,
ta ce, "To, wanne ya fi?"
Na ce ƙarar ta yi yawa.
Ta ce ta ga ina ta goge tabarau.
Na ce sanyin wurin ne.
Muka sauka muka sha shayi a kofin yumɓu,
tsakin nan na haɗiye shi da ragowar citta.

Talata mai zuwa za a sake haska tsohon.
Na ce ta zo, ta ce za ta zo.
Na sayi gyaɗa ƙulli biyu.
Kwale-kwalen nake so ta gani,
amma sai an wuce marin kafin a kai ruwa,
ban kuma san wane kallo za ta yi min ba
in ta tambaya ko na yi dariya a lokacin.