Inda Ruwa Ke Waiwaye

Tun cikin bazara Arzika ya ja ni gulbi,
gulbin babu ko ɗigo,
sai yashi mai gasa tafin ƙafa.
Ya ce, "Yau za mu su."
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Da bakin sanda ya dinga nuni:
ga saiwar gawo da ta fito tsirara,
ga gaɓar da ta zube bara ƙasan garkar Nomau,
ga ramin da masu kamiyo suka haƙa
suka kai yashinsa birni, ya zama bene.
"Riƙe su a ka.
Gulbi tun yana busasshe ake karanta shi."

Da ruwa ya sauko daga Jibiya,
ja kamar kunun kanwa,
da karan dawa, da leda, da mushen akuya a kansa,
na ruga bayan Tarna da fatsata,
na jefa tsakiya, inda ƙarfin yake.
Sau bakwai igiyar ruwa ta wanke min ƙugiya.
Tanar da na tona tun asuba
ta tafi Tibiri ba sallama.

Arzika na zaune, idonsa ɗaya ya yi hazo.
Ya zaro ƙaiƙayi daga aljihu, ya watsa.
Rabi ya bi gudu.
Rabi ya yi turus a bayan saiwar nan,
ya karkata, ya hau baya,
yana kewaya a hankali
kamar tsohuwa mai neman allurarta.

"Ka gani?
Tarwaɗa ba ta kokawa da gulbi.
Malalaciya ce mai wayo:
ta laɓe inda ruwa ke waiwaye,
abinci ya zo ya same ta.
Kada ka jefa cikin gudun,
kada ka jefa cikin kwancin.
Dubi ɗinkin da ke tsakaninsu,
inda kumfa ta yi layi."

Na jefa kan ɗinkin.
Ɗan karan da na ɗaura ya yi kewaye ɗaya,
ya yi na biyu,
ya gyaɗa kai,
ya nutse.

Kai, nauyin nan!
Har yanzu yana cikin kafaɗata.
Baƙa ce, mai gashin baki, tsawon kamu biyu,
tana bugun laka kamar mai bina bashi.
Kurungu uku suka biyo ta kafin azahar,
ɗaya ya soke ni a babban yatsa, yana gunaguni.

Majuyin ba kifi kaɗai yake ajiyewa ba.
Ya ba mu murfin buta,
ya ba mu takalmin yaro, ƙafar hagu.
Arzika ya daɗe yana juya shi a hannu,
sannan ya rataye shi a reshe
ta inda masu wucewa za su gani.
Ranar bai ƙara magana ba.

Bana gawon ya faɗi, gulbi ya sake kwana.
Arzika ba ya iya saukowa gaɓa.
Da yamma nakan tsaya ƙofarsa da ƙaiƙayi a aljihu,
ya tambaye ni, "Ina ya waiwaya yau?"
In ce, "Ramin masu kamiyo."
Ya yi murmushi:
"Tun bazara na gaya maka."