Kwana Na Takwas

Da asuba nake zuwa mahauta,
kafin ƙudajen Maradi su farka,
in karɓo ƙwayayen shanun da aka yanka,
in zuba a fulas mai ɗumi, in ɗaure bayan babur.
Uwayen sun kama hanyar tukunya,
ƴaƴan da ba su haifa ba ni ke goye da su.

A ɗakin gwaji babu kuka, babu warin kashi.
Garkena duka bai cika faranti ba.
Ƙarƙashin madubi nake kiwo:
ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu,
kamar ƙullu yana tashi cikin dare.
In wuta ta ɗauke, in ruga in ta da janareta,
kada sanyi ya kashe mini dukiya.

Kwana bakwai, Dokta Illiyasu ya ce,
zaɓi waɗanda suka riga sauran cika.
Na zaɓa. Shekara uku ina zaɓa.
Na baya kuwa, ruwan famfo ya san inda suke.

Sai Inna Tsahara ta zo daga Tibiri,
ƙwaryar nono a ka, ta tsaya bakin ƙofa,
ta ƙi shiga don takalmanta da laka.
Ta ce, ɗana, saniyar da kuka sa wa ciki
ta sake haifo mini maraƙi.
Na uku ke nan.
Bijimi sai mahauci, sai garma,
ni da me zan dama fura?

Daren nan na buɗe tsohon littafi,
na ƙirga da yatsa har fitila ta yi ja.
Cikin ɗari, sittin da huɗu maza.
Ba rabon Inna ba ne ya karkace,
hannuna ne.
Maza ke gaggawa a farantin nan,
sukarin ruwan ma kamar su yake yi wa daɗi.
Matan na nan, suna tafe a hankali,
kamar mai tulu cike a ka,
ni kuma ina rufe ƙofa kafin su iso.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.
Na rage sukari. Na ƙara kwana guda.
Yau da safe, bayan ruwa ya ɗauke,
Gulbi na ta ruri can ƙasan gari,
na duƙa kan madubi:
wasu biyar da jiya na yanke musu ƙauna
sun cika, sun yi kewaye kamar wata.

Ban san ko karsana ce cikinsu ba.
Madubina ba ya faɗin wannan.
Wata tara ne alƙali, da ƴan kwanaki.

Na rubuta lamba a jikin kwalba,
a gefe, da ƙaramin rubutu,
na sa: ta Inna, in Allah ya so.