Lodin Masara

Alhaji Nalado ya ara mini fili a Rijiyar Zaki,
ya ce, taɓa noma kafin kuɗin siminti su zo.
Ni da na shekara tara ina jan adaidaita sahu,
Kabuga zuwa Bata, Bata in komo,
abin da na iya a duniya shi ne lodi:
uku a baya, a matsa a sa na huɗu,
biyu a gaba, dama da hagu.
A wurina, gurbin da ba kowa asara ne.

Da ruwan shuka ya sauka na yi yadda na saba.
Na sari rami a gindin rami,
ƙwaya biyar, ƙwaya shida, na bi da diddige.
Tiya biyu ta iri na juye a ɗan filin nan,
ina ƙirga buhu tun ƙasa ba ta tsage ba.

Baba Mati, maigadin gidan da ke jikin filin,
mutumin Bunkure, ya leƙo ta kan katanga:
“Direba, ina za ka kai fasinjan nan?”
Na ce, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.
Ya tauna goronsa, bai ƙara ba.

Ta fito kuwa, shar, kamar an shimfiɗa darduma,
masu wucewa suna ta tubarkalla.
Sati shida sai ta fara miƙa wuya,
kowane kara na neman rana ta kan ɗan'uwansa,
sirara kamar tsinken tsire,
ganyen ƙasa ya koma ruwan ɗorawa.
Na zuba takin cinikin kwana uku:
akushi ɗaya, hannu ya yi yawa.
Daren wata Laraba iska ta biyo,
da safe rabi na kwance
kamar matafiyan da mota ta bari a tasha.
Na tsayen, wasu ba goyo,
wasu goyon bai fi ɗan yatsa ba,
totuwa duk giɓi.
Tasallah ta ɓare ta auna, tiya goma sha biyu,
ta ce, ko mai gashi a bakin titi sai ta yi maka dariya.

Damina ta biyu na yi fushi da yawa.
Na ware su kamar gidajen Nasarawa,
kowa da harabarsa.
Goyo ya yi kauri, ba ƙarya,
sai dai kana iya ƙirga shi daga bakin ƙofa.
Ciyawa ta kafa gari a tsakani,
rana ta lashe laimar ƙasa.
Tiya ashirin, da ciwon baya.

A ta uku Baba Mati ya tsallako da kansa.
Bai yi wa'azi ba, takawa ya yi:
kunya zuwa kunya, taki guda.
Ya aza gwiwar hannu a ƙasa:
kamu ɗaya, rami; kamu ɗaya, rami.
Ƙwaya uku. In sun yi sati biyu,
tuge mai rauni, bar biyu.
Tugewar nan ta fi huɗa wuya gare ni,
sauke fasinja ne bayan ya zauna.
Ya ga hannuna na rawa, ya ce,
“Ai ka san sahun salla:
kafaɗa ta taɓa kafaɗa,
amma a bar wa goshi wurin sujada.”

Shekarar nan iska ta bi layi ta wuce,
ganye ya rufe ƙasa bai rufe ɗan'uwansa ba.
Buhu da rabi, ban da wadda yara suka gasa,
ban da wadda na miƙa ta kan katanga.

Karan bai gama bushewa ba tifa ta juye bulo.
Magini ya ja igiya a kan kunyoyina,
ɗaki goma sha huɗu na haya, banɗaki ɗaya.
Baba Mati ya leƙo, ya ƙirga turakun,
ya dube ni.
Ya tauna goronsa, bai ƙara ba.